Yadda Tangaran Ya Shiga Bakina

Labari ya iso ni cewa idan kun taru a gidan Goggonku da Sallah, bayan an ci an sha, sai a ɗauko zancen haƙorina a shimfiɗa a tsakar gida. Wani ya ce tsoron allura ne ya sa na datse baki. Wani ya ce na ɗauka alewa aka sa mini. Har an ce ƙaramin cikinku, wanda jiya-jiyan nan nake share masa majina, yakan kwanta a tabarma ya kwaikwaye ni, ana tafa masa. To madalla. Tunda Allah ya ba ni aron rai, ya kuma bar mini ɗan abin da na tsinta a firamare kafin ni da malaminmu mu gaji da juna a aji huɗu, zan rubuta yadda abin ya faru, don kada in mutu a bar ni a hannun 'yan sharri. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa. Ni kafinta ne, ba akawu ba.

Sai na fara da babbar yayarku, domin in babu ita babu labarin. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san shi. Likita zan ce, kamar yadda kowa ke cewa. Ita ce 'yar fari a gidan nan, kuma ku 'yan baya ba ku san nauyin wannan ba, don an haife ku ne bayan mun riga mun yi laushi. Mahaifina Bazazzagi ne, aikin katako ya kawo shi Jalingo. Amma mahaifiyata, Dada, Bafulatana ce ta gidan kunya, irin waɗanda in yunwa za ta kashe su a gidan suruki sai dai ta kashe su. A wajen Dada, uban da ya kira sunan ɗansa na fari, ko ya ɗauke shi a gaban mutane, ko ya zauna suna hira, to a duba ko kansa ɗaya. Ana yaye yarinyar aka kai wa ƙanwata Asabe a Abbare, ita ta raine ta. Daga nan duk abin da ke tsakanina da ita sai ya bi ta bakin Asabe. In ana bukatar takalmin makaranta, Asabe. In ta ci jarrabawa, Asabe ce za ta zo shago ta faɗa, in ce to, in ci gaba da goge katakona, sai bayan ta tafi in zagaya bayan shago in yi murmushina ni kaɗai. In yarinyar ta zo gaisuwa, daga bakin ƙofa za ta durƙusa ta gaida ƙasa, ni kuma in amsa wa bango. Kada ku ce ƙiyayya ce. Da ta gama karatun likitan haƙori ta dawo ta buɗe ɗan wurin aikinta, ni na yi mata duk kabad ɗin da ke ciki, da katakon madaci, ban bar kowa ya sa hannu ba. Sai dai na tabbatar ba ta nan ranar da na je awo, ita ma ta tabbatar ba ta nan ranar da na kawo. A haka muka zauna lafiya har ta yi 'ya'ya, har na yi furfura.

Yanzu sai haƙorin. Bakin kafinta na zamaninmu yana cikin kayan aiki. Da shi ake riƙe ƙusa, da shi ake buɗe kwalba, da shi ake yanke zare, sannan in an tashi aiki a ba shi goro da ƙashin akuya. Turamen dama, wato manyan haƙoran tauna na can ciki, sun riga sun yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya. A hagu biyu suka rage masu haɗuwa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma da su nake cin duniya. Na ƙasan an taɓa cike shi da azurfar nan mai komawa baƙa, tun ina da sauran gashi a ka. In ya tafi, na saman ya rasa abokin aiki, ni da nama sai a Aljanna in Allah ya yarda. To a wani suna a unguwar Sarkin Dawaki aka miƙo mini ƙwaurin rago, na kai shi hagu, na ji ƙas. Ba ƙashin ne ya yi ƙarar ba. Na juya kai na tofa a tafin hannu, sai ga azurfar da rabin bangon haƙorin. Na jefa a aljihu, na yi wa jariri addu'a, na dawo gida na koma kunu da fura.

Uwarku ba a ɓoye mata abu ya wuce kwano biyu.

"Alhaji, naman ne bai yi ba?"

"Ya yi. Na rage ne saboda lafiya."

"Kai?"

"Ni."

"Sai ka sha ruwan randa in gani."

Na sha. Abin da ya fito daga bakina ba zan rubuta ba, akwai jikoki.

A shago kuma akwai Danjuma mai walda, maƙwabcina a gefen Kasuwar Jalingo, Bamumuye, abokina tun muna samari. Shi ba ya ɓata lokaci wajen shawara.

"Alhaji, haƙori ba ɗan'uwanka ba ne. Ya yi ciwo, cire shi. Akwai wani a bayan kasuwa, kafin ka ce wayyo ya gama."

Na dubi bakin mai ba ni shawarar, kamar katangar da damina ta ci, nan tsaye can zube. Amma in faɗa muku gaskiya, maganarsa ta fara zama mini, domin wancan na bayan kasuwa ba 'yata ba ne, zan iya buɗe masa baki har maƙogwaro.

Ita uwarku ba za ta iya kiran Likita ba, kunyarta ta fi tawa. Sai ta kira Asabe. Da hantsi sai ga Asabe ta sauko daga keke napep, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, tashi."

"Zuwa ina?"

"Wurin Likita."

"Garin nan likita ɗaya ne?"

"Garin nan 'yarka ɗaya ce likita. So kake a ce ubanta ya je bayan kasuwa an fizge masa haƙori da filaya?"

Na ce ai akwai kunya. Ta ce ita ce maganin kunyar, za ta zauna a tsakani kamar kullum. A haka na je.

Duk wanda ya ƙera kujerar nan ta likitan haƙori bai san Dada ba. Ka zauna da mutuncinka, sai a taka wani abu ka ga kana kwanciya, ƙafafu a sama, fitila a ido, fuskar 'yarka ta fari a saman taka. Na jawo hulata na rufe ido. Ita kuma ta sa ƙyallen rufe baki da hanci, ya zamana duk mun ɓuya daidai gwargwado. Asabe ta ja kujera ta zauna a gefe da carbinta. Aka duba, aka ɗauki hoton haƙorin, sannan na ji muryar Likita ƙasa-ƙasa.

"Goggo, ki gaya masa jijiyar tana da rai. Ba sai an cire ba."

"Yaya, ta ce ba sai an cire ba."

"Na ji. Ki tambaye ta a sake zuba azurfar mu tafi."

Ba za a iya ba, in ji ta, domin bangon da zai riƙe azurfar shi ne a aljihuna. Ana iya fere haƙorin gaba ɗaya a kifa masa hula, amma wannan ɓarna ce, tunda sauran bangayen lafiyarsu ƙalau. Abin da ya fi shi ne a gyara ramin, a ɗauki awonsa, a gaso guntun tangaran daidai da shi, ya zauna a ciki ya kuma rufe gefen da ya karye.

"Tangaran? Irin na faranti?"

"Ta ce irinsa ne, amma ya fi ƙarfi."

"Ki tambaye ta ko an ga na yi kama da kabad ɗin amarya."

Na ji wani ɗan sauti a bayan ƙyallen nan, ban sani ba ko tari ne. Sai ta ɗauko wani babban haƙori na roba da take koya wa mutane da shi, ta miƙa wa Asabe, Asabe ta miƙo mini. Na ɗaga hula kaɗan na duba ramin da ke jikinsa, nan take raina ya ɓaci. Bakin ramin ya fi gindinsa faɗi, kamar kofin shayi. Duk kafintan da ya san kansa ya san in kana son abu ya kama, sai ka sa cikin ya buɗe bakin ya tsuke, in ya shiga ya shiga ke nan. Na ce Asabe ta gaya mata an koya mata aikin a juye. Asabe ta ce ba za ta faɗi wannan ba. Na ce to ta faɗa da ladabi.

Likita ba ta yi gardama ba. Ta ce azurfa da laushinta ake cusa ta, ta daskare a ciki, shi ya sa ake tsuke mata baki. Tangaran kuwa a waje ake gasa shi, da taurinsa yake zuwa, ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Sai na ji ta taka zuwa kabad ɗin da na yi mata, ta jawo durowa ɗaya, ta mayar. Ta sake jawowa, ta mayar. Durowar tana tafiya sumul, don ni na yi ta.

"Goggo, ki tambaye shi, da ya sa bakin nan ya fi cikin tsukewa, durowar za ta shiga?"

Asabe ta juyo. "Yaya, ta ce..."

"Na ji."

"To me zan ce mata?"

"Ki ce mata me zai riƙe shi."

"Gam," in ji Likita, kafin Asabe ta buɗe baki, amma kabad take kallo.

Ni a shagona, aikin da gam kaɗai ya riƙe aikin maƙaryata ne. Ta ce wannan gam ɗin daban ne, yana kama farin ɓawon haƙori har su zama abu ɗaya, shi ya sa za ta bar ɓawon a gefe-gefen ramin gwargwadon iko. Na ce to kusurwoyin fa, me ya sa duk an dulmuye su kamar aikin wanda kurfin sassaƙarsa ya dakushe? Ta ce tangaran ba ya shiri da kusurwa mai kaifi, daga nan yake fara tsagewa in an tauna, dole ciki ya zama kamar cikin cokali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ƙarshe. Akwai ɗan tsinin haƙori guda da ya tsira, yana tsaye siriri kusa da inda ya karye, ta ce za ta rage masa tsawo ta rufe shi da tangaran ɗin. Na ce wannan cin amana ne, mai lafiya ba a yanka shi. Ta ce in an bar shi haka, wata rana zai tsage har saiwa, kuma daga nan sai cirewa. Ta ƙara da cewa dole ta rage wuri sosai don tangaran ya samu kauri, domin siranta ce ke sa bakin faranti ya ɓalle.

"Ku yi mini a hankali," in ji Asabe. "Ni ko aji ɗaya ban yi ba, kun mai da ni rediyo."

Na auna maganar. Ban ce ta yi gaskiya ba, na dai mayar da hulata kan ido na buɗe baki, wanda a yarenmu ni da ita shi ne amincewa.

A nan ina so a rubuta, Asabe shaida ce tana raye, cewa da aka yi allurar ko motsi ban yi ba. Carbin da ya tsinke a hannuna tsoho ne dama. Sannan aka kunna ɗan injin nan mai kuka kamar sauro ya samu lasifika, ruwa yana fesawa, wata roba tana zuƙewa. Ido a rufe, ba abin da ya rage mini sai kunne, kuma kunnen mai sana'a ba ya hutu. Na ji yadda take sa hannu ta ɗauke, ta sa ta ɗauke, ba ta danna wa abin ƙarfi, ba ta komawa inda ta gama. Wanda bai iya ba yakan yi ta shafa wuri ɗaya don tsoro. Ita ba ta yi. Na ce a raina, wannan hannun na gidanmu ne, kuma na gode wa hular da ta rufe mini fuska. Da ta gama ta cika mini baki da wani abu kamar ƙullun alkaki, ya daskare, ta ciro shi da surar haƙorin a jiki. Ta toshe ramin da ciko na wucin gadi. Za a aika awon zuwa Jos a gaso tangaran. Asabe ta isar da doka: ba goro, ba ƙashi, ba rake, kuma kada a ja lokaci, domin haƙorin da aka fere tsirara yake, cikon nan ba ya daɗewa.

Yanzu mun zo inda kuke yi mini ƙarya.

Tangaran ya iso, muka koma ni da Asabe. Likita ta nuna mana shi a kan auduga, ɗan mitsitsi, fari-fari da ɗan rawaya, har da tuddai da kwari irin na haƙorin gaske. Na yaba a zuciya. Na kwanta, hula ta koma mazauninta, aka cire cikon wucin gadi, aka wanke ramin. Daidai nan wayar Asabe ta yi ƙara, surukarta ce ke naƙuda a Abbare, ta fita baranda tana ta "To? To? Kan ya fito?" Yarinyar da ke taya Likita aiki kuma an aike ta ɗakin baya kawo gam. Likita ta riga ta ɗauko tangaran da ɗan hantsakinta, sai ta ɗora shi a ramin don ta gwada zamansa. Ban san ana gwadawa kafin a liƙa ba. Ban san kuma cewa kafin gam ya kama shi, abin nan ƙwai ya fi shi ƙarfi ba. Akwai magana ɗaya da ake gaya wa kowa a daidai wannan lokaci, kowane baƙo, kowane ɗan acaɓa da ya kwanta a kujerar nan an gaya masa: kada ka cija. Ni kaɗai ne a Jalingo ba ta iya gaya wa ba. Na ji ta ja numfashi kamar za ta yi magana, ta fasa, ta taka wajen ƙofa ta kira Goggonta.

Ni kuwa na ji abu ya zauna a raminsa daram. To shekara nawa ina haɗa katako? Hannuna bai taɓa sa abu a rami ya bar shi ba tare da ya ɗan buga masa guduma ya ji zamansa ba. A kwance ba ni da guduma sai ta sama, wato haƙorin nan na sama. Na ɗan taɓa shi. Wallahi ɗan taɓawa.

Ƙas.

Ɗakin ya yi tsit, har ina jin Asabe a waje tana cewa "Mace? Alhamdulillahi!" Likita ta dawo da gudu, ta sa yatsu ta buɗe bakina ba sallama, ta tsince gutsattsarin ɗaya-ɗaya kada in haɗiye. Ta daɗe tana haska fitila a haƙorin, tana bin bangonsa da ɗan ƙarfe. Allah ya taimaka, haƙorin bai tsage ba. Ta mayar da ciko, ta wanke hannu, ta shige ɗakin baya ta rufe ƙofa.

Asabe ta shigo da murnarta ta tarar da makoki. Da ta fahimci abin da ya faru, sai ta ajiye jakarta, ta tsaya a tsakiyar ɗaki inda ni da ƙofar bayan za mu ji ta daidai.

"Na yi ta kai muku magana tun da aka yaye yarinyar nan. Na kai ta takalmi, na kai ta aure, na kai ta haihuwa. Yau na fita na ɗan lokaci kun fasa abu a baki. In na mutu fa? Za ku tono ni? Daga yau na ajiye aiki. Baki yana gare ka, baki yana gare ta."

Ta ɗauki jaka ta tafi ganin jikarta. Ni na hau keke ni kaɗai.

A gida kowa ya kawo nasa. Yayana, Bappanku Umaru, Allah ya ji ƙansa, ya ce abin da ya faru ishara ce, tun farko bai kamata uba ya kwanta a gaban 'yar fari ba, in tafi Yola in nemi wani likita namiji ya ƙarasa. Danjuma ya ce mutumin bayan kasuwa yana nan, har ya sayi sabuwar filaya. Uwarku kuwa sai ta riƙa dafa nama kullum tana ajiye kwanon inda zan ji ƙanshi, ta kawo mini kunu. Wannan matar, in da ta yi boko da ta yi gwamna. Aka sake gaso wani tangaran, yarinyar wurin aikin ta bugo waya ta ce ya iso. Na ce to. Na aika wa Asabe, ta aiko cewa tana fama da wankan jegon surukarta. Na sake aikawa, ta aiko cewa kunnenta ya toshe. Ana cikin haka cikon ya fara ɓarewa a gefe, ko iska na shaƙa sai na ji ta har ƙeya. Na san abin da ake nufi: ko in je, ko bangon ya tsage, in bi layin Danjuma.

Na zauna a shago na yi shawara da Dada, duk da ta daɗe a ƙasa. Na ce mata, Dada, kin koya mini abu na riƙe, ban taɓa saki ba. Amma ke kin koma ga Allah da haƙoranki cif, har ranar ƙarshe kina fasa goro, ba ki san wannan jarrabawa ba. Zuwa Yola kuma, haƙorin da hannu ɗaya ya fere, wani hannu bai san inda aka nufa ba, ni ma ba na son ƙarasa kujerar da wani ya fara. Ban ji ta amsa ba, na ɗauka ta yarda.

Da safe na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, na tafi. Yarinyar wurin ta leƙa bayana tana neman Asabe, ta ga babu, ta shiga ta faɗa. Aka ce in shigo. Na zauna a kujera, aka kwantar da ni, na kai hannu zan jawo hula.

"Baba."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinta ta nufo ni kai tsaye ba. Kullum ƙasa take gaya wa. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a fanka.

"Na'am."

"Ka bar hular. Ina so in riƙa ganin fuskarka, in da zafi in sani."

Na bar hular.

"Zan sa shi in gwada. Ba gam tukuna. Kada ka cija, kada ka taɓa shi da harshe, kada ka gwada ko ya zauna. Ni zan gaya maka in ya zauna. Ka ji?"

"Na ji."

"Me na ce?"

Ku duba fa. Ni da na haife ta. Na ce, "Kada in cija."

Ta gwada, ta cire, ta ɗan goge gefe ɗaya, ta sake gwadawa. Ta kewaye haƙorin da wata roba don kada miyau ya taɓa shi, ta shafa wannan ta wanke, ta shafa wancan ta busar, tana gaya mini sunan kowane mataki kamar mai biya wa ɗalibi karatu. Ta sa gam, ta danna tangaran, ta haska masa wata shuɗiyar fitila. Da na gaji da fanka sai na saci kallonta. Tana aiki tana ɗan karkata kai hagu, ta tsuke ido ɗaya. Haka mahaifina yake yi in yana duba ko katako ya miƙe, kuma ba ta taɓa ganinsa ba. Na mayar da idona kan fanka da sauri, don fitilar nan tana sa hawaye.

Ta cire robar, ta sa wata 'yar shuɗiyar takarda tsakanin haƙoran.

"Yanzu cija."

"In cija?"

"Cija, Baba. A hankali."

Na cija. Sama ya sauka a kan ƙasa, suka gaisa kamar ba a taɓa raba su ba. Ta duba inda takardar ta yi shaida, ta ɗan rage wani tudu, ta goge ya yi santsi, ta ce in sake. Na sake. Ba ƙas, ba zafi.

"Ya zauna?" in ji ta.

Na yi ta juya harshe a kai ina neman inda tangaran ya ƙare haƙori ya fara, ban samu ba. Na ce, "Ba laifi." Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ya san ban taɓa ba wani fiye da haka ba.

Haƙorin yana nan har yau, da shi na ci layyar bana. Amma kada ku ɗauka a banza na same shi. Ƙofar da aka buɗe ranar nan ba ta sake rufuwa ba, kuma ashe duk shekarun nan da yarinyar take durƙusawa tana gaida ƙasa, magana take tarawa. An hana ni fasa ƙashi. An rage mini sukari a shayi. An ce in daina hawa babur. Da can in Asabe ta kawo saƙo irin wannan, nakan ce ban gane ba, ko in ce ta manta rabi a hanya. Yanzu ba wanda zan ɗora wa. Bappanku Umaru har ya rasu yana cewa na zubar da kunyar gidan Dada saboda tsoka.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, muna zaune a ƙofar shago ni da Danjuma da wasu dattawa, an sayo tsire an baje takarda, sai ga motarta ta tsaya. Ta fito ta gaida kowa, ta zo har gabana ta tsuguna. Ta dubi tsiren, ta dube ni.

"Baba, da wane gefe kake ci?"

"Da hagu."

"Akwai guringuntsi a ciki?"

"Babu."

"Buɗe in gani."

Dattawa suka zuba mana ido. Danjuma ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na dubi gabas, na dubi yamma, na haɗiye abin da ke bakina, na buɗe.